An ce zuciyata lafiya lau, to mene ne yake neman kashe ni?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekarata 29. Wata bakwai da suka wuce ina zaune cikin mota, ba abin da ya faru, kawai sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta hau bugawa kamar za ta fasa ƙirji, numfashina ya sarƙe, hannuwana suka sage, na sadaƙar mutuwa zan yi. Aka kai ni asibiti, aka auna zuciya da jini, aka ce lafiyata ƙalau. Tun daga ranar abin yake dawowa, wani satin sau biyu, wani satin sau uku. Wani likita ya rubuta min sertraline, na sha kwana biyar na ji abin ya ƙaru, sai na ajiye. Wata ƙawata ta ba ni diazepam, shi kam yana kwantar min da hankali. Yanzu wata huɗu ke nan kullum sai na sha, kuma ba na fita sai da shi a jaka. Na daina shiga motar haya, na daina zuwa taro. An ce min akwai wani magani da ake zama da likita ana magana, wai shi CBT. Don Allah magana za ta iya warkar da abin da nake ji a jikina? Ko dai haukacewa zan yi?"

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce take hana ki barci. Abin da kika kwatanta ba hanyar hauka ba ce. Ciwon da ke raba mutum da hankalinsa daban yake, ba ta nan yake farawa ba, kuma duk cikin masu irin wannan firgici da na duba a shekarun aikina ban ga wanda firgicin ya haukatar ba. Tsoron haukacewar ma yana cikin alamomin ciwon, kamar yadda zufa da karkarwa suke ciki.

In na fahimce ki, abu uku kike son sani. Me ya sa jikinki yake yin haka alhali an ce lafiyarki ƙalau. Me za ki yi da ƙwayoyin nan biyu, wadda kika ajiye da wadda kika riƙe. Sannan ko zama da mai ilimin halayyar ɗan Adam zai iya taɓa ciwon da a ƙirji kike jin sa. Ban gan ki ba, ban ga takardun awonki ba, saboda haka bayanina ba zai maye gurbin likitan da zai zaunar da ke ya duba ki ba. Amma labarinki na sha jin irinsa, kusan kalma da kalma.

Abin da ke faruwa a jikinki

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari, kafin ma ki yi tunani, ya riga ya ba da umarni a zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu don kai jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙaru, zufa ta karyo, ciki ya dakatar da narkar da abinci, shi ya sa baki yake bushewa zuciya ta riƙa tashi. Wani masani na jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ya fayyace wannan tun wajen 1915: jiki yana shirin ko dai ya yi faɗa ko ya gudu. Da a ce maciji ne ya faɗo miki cikin motar nan, duk abin da kika ji ba zai ba ki mamaki ba, don kin ga dalili. Abin da ya tayar miki da hankali shi ne mai gadin ya busa usur, kika waiga ba ɓarawo. Da hankali bai ga haɗari a waje ba, sai ya juya ya neme shi a cikin jiki.

Sagewar hannu tana da nata bayanin, kuma ina son ki riƙe shi. Idan mutum yana haki da sauri, yana fitar da iskar kabon fiye da kima. Ƙarancinta a jini yana sa jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai a ji jiri, a ji kamar ana cikin mafarki, leɓe da yatsu su riƙa tsikari, wani lokaci ma yatsun su ƙage. Mai abin yana jin kamar iska ba ta ishe shi ba, sai ya ƙara zuƙa, alhali iskar ce ta yi masa yawa. Suma kuwa ba kasafai ake yin ta a wannan hali ba, domin faɗuwar awon jini ke kawo suma, shi kuma firgici ɗaga shi yake yi.

Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke amfani da shi wajen tantance cututtuka, bugu na biyar da ya fito a 2013, ya lissafa alamomi 13 na wannan farmaki, ya ce idan huɗu ko fiye suka taso lokaci guda suka kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna, to farmakin firgici ne. Yawanci cikin minti goma yake kai maƙura, sannan ya fara sauka da kansa, ya bar mutum a gajiye liƙis. Mutane da yawa sun taɓa samunsa sau ɗaya a rayuwa, ya wuce bai dawo ba. Ana kiransa ciwo ne idan yana maimaituwa ba zato, kuma mutum ya yi wata guda ko fiye yana zullumin dawowarsa, ko ya sauya rayuwarsa don gudunsa. Ke kin cika duka sharuɗɗan. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, kuma ya fi farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru talatin da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da cututtukan fargaba iri-iri, wannan naki yana cikinsu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu kawai suke samun magani.

Kafin in yarda da cewa firgici ne zalla, akwai abubuwan da nake so a tabbatar an duba, don suna iya yin kama da shi. Awon tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban wuya, domin idan yana aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya, rama da rashin jure zafi. Awon ƙarancin jini, musamman ga mace. Sukari, idan kina shan maganinsa. Sannan abin da kike sha: kofi, shayi mai ƙarfi, lemukan ƙara kuzari, wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da abin shaƙar masu asma. Na taɓa duba wani matashi da aka yi wata uku ana yi masa maganin fargaba, ashe gwangwani huɗu na lemon kuzari yake sha kowane dare saboda karatu. Akwai kuma wata matsalar bugun zuciya da take tasowa farat ɗaya ta tsaya farat ɗaya, wadda awon minti biyu ba ya kama ta sai in tana cikin yi. Idan bugun naki haka yake, kamar an kunna fitila an kashe, ki gaya wa likita, akwai ƙaramar na'urar da ake rataya wa mutum ta kwana tana naɗar bugun. Idan an duba waɗannan an ga ba komai, to a tsaya nan. Yawan maimaita awo ba ya kwantar da hankali sai na kwana biyu, daga nan kokwanton ya dawo da ƙarfinsa.

Me ya sa yake ta dawowa

Wannan ita ce gaɓar da na fi son ki fahimta, don a kanta maganin ya ginu. Farmakin farko yana iya zuwa saboda gajiya, rashin barci, wata damuwa da aka daɗe ana dannewa, rashin wani makusanci, ko gado, domin abin yakan bi dangi. Amma na biyu da na goma da na talatin, ba waɗannan ne suke kawo su ba. Tsoron na farkon ne yake kawo su. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Oxford ta Ingila, David Clark, ya yi bayanin da har yau da shi muke aiki: mai wannan ciwo yana fassara wani ɗan motsi na jikinsa da mafi munin fassara. Zuciya ta ɗan tsallake bugu ɗaya, abin da take yi wa kowa, sai tunani ya ce ga shi nan ya zo, yau kam sai mutuwa. Tunanin ya tsorata mai gadi, mai gadi ya ƙara zuba adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, gudun ya zame wa tunanin hujja. Cikin daƙiƙa talatin an zagaya sau biyar.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun ranar nan kin zama mai sauraren jikinki. Na tabbata kina taɓa wuyan hannu ki ji bugu, kina lura da numfashinki, kina zama kusa da ƙofa. Wanda ya kasa kunne ga jikinsa kuwa ba zai rasa abin ji ba.

Sai kuma gudun wurare. Ranar da kika fasa shiga mota, kin ji sanyi a ranki nan take, kuma wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa kin tsira ne don ba ki shiga ba. Ba ta samu damar ganin cewa da kin shiga, da abin ya taso ya sauka ba abin da ya same ki ba. Haka duniyar mutum take ta tsukewa, yau mota, gobe taro, jibi layin banki, har wata rana ƙofar gida ta gagara. Na duba wata baiwar Allah da ta shekara biyu ba ta fita ita kaɗai ba, kuma da mota guda ta fara, kamar ke.

Maganar ƙwayoyi

Sertraline da kika ajiye yana cikin rukunin da ake kira SSRI, tare da escitalopram, fluoxetine da paroxetine. Akwai kuma venlafaxine da ke kusa da su. An fi sanin su da maganin ciwon baƙin ciki, amma su ne sahun farko a maganin firgici, kuma wannan sani ya daɗe: tun a shekarun 1960 wani likita a New York, Donald Klein, ya lura cewa wani tsohon maganin baƙin ciki mai suna imipramine yana tsayar da irin wannan farmaki. Likitanki bai yi kuskuren zaɓi ba. Abin da nake zargin ya faru shi ne ba a yi miki bayani ba. A mako na farko zuwa na biyu waɗannan magunguna sukan ƙara fargaba, su kawo tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci da ɗan rawar jiki. Ga mai sauraren jikinsa kamar ke, wannan ya isa ya sa a yi jifa da kwalin. Shi ya sa nake fara wa masu firgici da rabin ma'aunin da aka saba, misali miligiram 25 na sertraline na mako guda kafin a hau 50, kuma ina gaya musu tun a ranar farko cewa za a ɗan sha wuya kafin a ji daɗi. Sauƙi yakan fara bayyana daga mako na biyu zuwa na huɗu, cikakken amfaninsa kuwa sai an kai mako 8 zuwa 12. Kwana biyar ba su isa a yanke wa maganin hukunci ba. Kin sha ɗacinsa ne kika tashi kafin zaƙin ya iso.

Idan ya karɓe ki, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sau da yawa har shekara, sannan a janye a hankali cikin makonni ko watanni. Ba ya sa maye, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari, amma jiki yana sabawa da shi, kuma yanke shi farat ɗaya yana kawo jiri, saurin fushi, munanan mafarkai da wani jin kamar wutar lantarki ta ja ka a ka. Paroxetine da venlafaxine sun fi sauran wannan hali. Akwai illar da marasa lafiya ba sa faɗa sai an tambaye su, wato raguwar sha'awa tsakanin ma'aurata. Idan ta faru ki faɗa, ana iya rage ma'auni ko sauya magani. Ki sanar da likita idan kina da ciki, ko kina nema, ko kina shayarwa, don zaɓin magani yana sauyawa, paroxetine musamman ana kauce masa a farkon ciki. Ki sanar da shi idan kin taɓa yin kwanaki ba barci kuma ba gajiya, kina jin ƙarfi da yawan magana fiye da ɗabi'arki, ko wani a danginki yana da irin wannan. Kada a haɗa waɗannan magunguna da tramadol. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 kuma, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa a makonnin farko, saboda haka a sa musu ido sosai. Ke kin wuce wannan shekarun, amma in irin tunanin ya zo miki, a ranar za ki nemi likita, ba gobe ba.

Yanzu ga diazepam, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi a wasiƙarki. Shi da 'yan'uwansa, irin su alprazolam, lorazepam, bromazepam da clonazepam, suna aiki, ba wanda ya musa. Saurin aikin nasu ne ma ya sa suke da haɗari. Cikin 'yan makonni na shan kullum jiki yake dogara da su, ma'aunin jiya ya daina isa, kuma idan ƙarfin ƙwayar ya fara sauka a jini sai fargaba ta taso, mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya motsa, alhali jiki ne yake neman ƙwaya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, ta ce kada a rubuta su don ciwon firgici, domin sakamakonsu na dogon lokaci ba shi da kyau. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗin da ke jikin kwalayensu game da dogaro da wahalar bari. Ni kaina nakan ba da su wani lokaci, na 'yan kwanaki, da ranar tsayawa a rubuce tun kafin a fara.

Ki lura da wani abu. Ƙwayar da aka haɗiya tana bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ta kama jiki sosai, farmakin kuwa cikin minti goma ya riga ya juya baya. Sau da yawa abin da kansa yake sauka, ƙwaya ta karɓi godiya. Wannan da ke cikin jakarki kuma, ko ba ki sha ba tana yi miki illa, domin kullum tana raɗa miki cewa ba don ita ba da kin halaka.

Duk da haka, ina roƙonki kada ki karanta wannan ki zubar da ita yau. Bayan wata huɗu na shan kullum, tsayawa farat ɗaya yana iya kawo rashin barci mai tsanani, ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki je wa likita da kwalin a hannu, ki faɗa masa gaskiyar adadin da kike sha da tsawon lokacin, ba ragi. Ba ke ce ta farko ba, kuma likitan kirki ba zai yi miki faɗa ba. Za a tsara miki ragi kaɗan-kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan mako biyu ko fiye, gwargwadon yadda jikinki ya ɗauka. Kafin nan, kada ki haɗa diazepam da barasa, kodin, tramadol ko wani maganin barci, don haɗin yana iya tsayar da numfashi, kuma ki yi hattara da tuƙi. Wasu kuma ana ba su propranolol, wanda yake rage bugun zuciya da rawar hannu. Yana da amfani ga mai tsoron tsayawa gaban jama'a, amma ba ya tsayar da ciwon firgici, kuma mai asma ba ya shan sa.

Shin magana tana magani?

Da a ce hira ce kawai, da na ce miki a'a. CBT horo ne na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likita Aaron Beck na jami'ar Pennsylvania ya assasa a shekarun 1960, daga baya Clark a Ingila da David Barlow a Amurka suka daidaita shi da ciwon firgici. Ya fi kama da koyon tuƙi: akwai malami, akwai darasi, akwai aikin gida, kuma ke za ki riƙe sitiyari. Gajere ne. NICE ta ƙayyade awa 7 zuwa 14 gaba ɗaya, zama ɗaya a mako, a gama cikin wata huɗu.

Ga yadda nake yi. Zaman farko muna ɗaukar farmakinki na baya-bayan nan mu warware shi a takarda: ina kike, me kika fara ji, me ya zo miki a rai a daidai lokacin, me kika yi. Mutane da yawa a nan suke fara ganin cewa abin da suke cewa yana faɗo musu daga sama yana da mafari, ko da ɗan jiri ne don sun miƙe da sauri. Daga nan sai mu tuhumi tunanin kamar yadda alƙali yake tuhumar shaida. Sau nawa abin ya same ki? A lissafinki ya haura hamsin. Sau nawa kika ce mutuwa za ki yi? Hamsin. Sau nawa zuciyar ta tsaya? Ciwon zuciya na gaske yana lafawa don an iso ƙofar asibiti? Ba lallashi nake yi ba a nan, ba na cewa ki kwantar da hankalinki. So nake ki auna maganar da tsoro yake gaya miki da abin da ya faru a zahiri.

Amma tunani ba ya sallamawa da hujjar baki kaɗai, sai ya gani da ido. Saboda haka muke tayar da alamomin da gangan, a cikin ofis, ina zaune kusa. Mu yi haki da sauri na minti ɗaya. Mu yi numfashi ta tsinken shan lemo an toshe hanci. Mu juya a kan kujera har jiri ya zo. Mu hau matakala da gudu. Ina tuna wani magidanci, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya shekara ba ya ɗaukar ko bokitin ruwa don kada zuciyarsa ta buga. Da na ce mu yi hakin tare, sai ya riƙe hannun kujera ya ce, "Likita, in na mutu fa?" Na ce ni ma zan yi, in mutuwa ce mu tafi tare. Muka yi. Da minti ya cika yatsunsa sun sage, idonsa ya yi ja, ni ma kaina yana juyawa. Muka zauna shiru muna kallon agogon bango. Kafin minti uku komai ya lafa. Ya daɗe yana juya tafin hannunsa yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi shi ne. Ashe ni nake kiransa." Bayan mako biyar shi yake hawa bene hawa uku da gudu, ya tsaya a sama yana sauraren zuciyarsa tana sauka.

Wannan atisaye ba na kowa ba ne a yi shi kai tsaye. Mai ciki, mai asma, mai farfaɗiya ko mai ciwon zuciya na gaske, sai an zaɓar masa wanda ya dace. Shi ya sa awon farko yake da muhimmanci.

Mataki na gaba shi ne komawa wuraren da kika gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ki shiga mota tafiyar minti biyar da rakiya, sannan ke kaɗai, sannan tafiya mai nisa, sannan a kujerar tsakiya inda fita ba sauƙi. Sharaɗin shi ne idan abin ya taso ba za ki sauka ba, za ki zauna ya yi iyakar yinsa ya wuce. Kuma ana yi ana ajiye sandunan dogarawa ɗaya bayan ɗaya: taɓa bugun hannu, robar ruwan da ba a rabuwa da ita, kiran wani a waya, daga ƙarshe ƙwayar jaka. Tafiya ɗaya da aka yi ba tare da su ba ta fi goma da aka yi da su. Wuya kam akwai ta, kuma mako na uku zuwa na huɗu ne mutane suka fi son gudu. Wanda ya daure ya wuce nan, da wuya ya koma baya.

Game da numfashi, ina koyar da shi amma da taka-tsantsan. Ki shaƙa ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu, ki fitar kina ƙirga shida, ciki ne zai riƙa tashi ba kafaɗa ba. Yana gyara ƙarancin iskar kabon da na ambata. Sai dai idan kika ɗauke shi a matsayin abin da ke ceton ranki, ya zama wata ƙwayar jakar. Numfashi cikin leda ko jakar takarda da wasu suke ba da shawara, ki bar shi, yana da haɗari idan matsalar ta asma ce ko ta zuciya.

Wanne za ki zaɓa? A shekarar 2000 Barlow da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a kan mutum 312, inda aka gwada CBT, da imipramine, da haɗinsu. Dukansu sun yi aiki. Amma wata shida bayan an dakatar da komai, waɗanda suka samu horon ba tare da maganin ba su ne suka fi riƙe sauƙinsu. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani: ƙwaya tana rage ƙarar usur muddin ana sha, horo kuwa yana zama tare da mutum. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba, kuma yana da inda zai samu horon, ina fara masa da shi kaɗai. Ke kuwa, da farmaki biyu zuwa uku a mako, da gudun wurare, da diazepam da za a janye, ra'ayina a haɗa miki biyun: a dawo da sertraline a ƙaramin ma'auni, a fara horon, sannan a bi diazepam da ragi a hankali. Likitan da ya gan ki yana iya ganin dalilin da zai sa a bi wata hanyar, kuma nasa ganin ya fi nawa.

Na san samun ƙwararren mai wannan horo ba ko'ina yake da sauƙi ba. Ki nemi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti ki tambayi masanin halayyar ɗan Adam na asibiti. Ki tambaye shi kai tsaye ko zai ba ki aikin gida, ko za a yi atisayen tayar da alamomi da komawa wuraren da kike tsoro. In ya ce zama kawai za a riƙa yi ana tattauna ƙuruciyarki, to wani abu ne daban, ba wanda kike bukata yanzu ba. Idan ba a samu na ido da ido ba, wanda ake yi ta waya ko ta intanet tare da mai jagora shi ma yana aiki.

Mutanen gidanki ma suna da rawar takawa. Masu cewa ki cire abin a ranki ba su san ba a hannunki yake ba. Masu ɗaukar ki a guje zuwa asibiti duk lokacin da ya taso, da masu yi miki duk wani aike don kada ki fita, ƙauna ce ta sa su, amma suna taya ciwon zama. Abin da ya fi shi ne mutum ɗaya ya zauna kusa da ke, ya yi magana a natse, ya tuna miki cewa kin san wannan kuma zai wuce. Ki kula da barcinki, ki rage kofi da dangoginsa a hankali, ki riƙa tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 yawancin kwanakin mako, don tana saba wa zuciya da bugu ba tare da tsoro ba.

Akwai lokutan da ba za ki ce firgici ne ki zauna ba: ciwon ƙirji mai danna wanda ya zo da aiki ko ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, suma ta gaske, shanyewar ɓari ɗaya ko karkacewar baki, sarƙewar numfashi tare da kumburin ƙafa ɗaya, ko duk wani farmakin da ya bambanta da wanda kika saba. Waɗannan na gaggawa ne.

Kafin ranar ganin likita, ki samu ƙaramin littafi. Duk lokacin da abin ya taso ki rubuta rana da lokaci, inda kike, abin da kika fara ji a jiki, maganar da ta zo miki a rai, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, minti nawa ya ɗauka a agogo ba a ƙiyasi ba, da lokacin da kika sha diazepam na ƙarshe kafin ya zo. Ki tafi da littafin, da kwalayen magungunan biyu, da takardun awon da aka yi miki. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne.